Fada Georges Lemaître, Firist Mai Binciken Farkon Lokaci

An haifi Georges Lemaître a garin Charleroi na ƙasar Beljiyam ran 17 ga Yuli, 1894. Yana cikin karatun injiniya a Jami'ar Katolika ta Louvain sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya yi shekara huɗu a soja. Bayan yaƙi ya koma kan lissafi, ya kuma shiga seminari. Kadinal Mercier ya naɗa shi firist a 1923, sa'an nan ya tafi Cambridge a Ingila, daga can ya wuce Amurka neman ilimin taurari.

A zamanin nan koyarwar Albert Einstein ce a bakin masana. Tun 1905 Einstein ya kafa cewa saurin haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, ba ya sākewa: mai awo ko yana tsaye ko yana tafe, adadin nan zai samu. Saboda haka lokaci ne ke sassautawa, agogon mai tsananin gudu yakan yi jinkiri bisa na mazauni. Kuma tun da haske yana cin lokaci a hanya, duban nesa duban baya ne. Manomin Roni ko Gwiwa da ya ɗaga ido a daren hunturu ya ga Kaza da 'Ya'yanta, hasken da ya baro su fiye da shekara 400 da suka wuce yake gani.

A 1927 Fada Lemaître ya gwama lissafin Einstein da awon hasken gungun taurari masu nisa, ya nuna cewa sararin samaniya kansa yana ta faɗaɗa. Einstein ya yarda da lissafin amma ya ƙi ma'anarsa, sai daga baya ya sauko. A 1931 Fada ya bi sawun ya koma baya: abin da ke faɗaɗa, dā a dunƙule yake wuri ɗaya, kuma daga nan lokaci ya soma.

Gwaji mafi wuya daga gida ya zo masa. A 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi yana danganta wannan bincike da halittar da Littafin Farawa ya faɗa. Fada bai ji daɗi ba. A wurinsa farkon da ake aunawa da lissafi dabam, aikin Mahalicci dabam. Wanda ya jingina bangaskiyarsa da ra'ayin kimiyya, ranar da aka rushe ra'ayin tare za su faɗi. A ganina nan ne girmansa, gama ba ƙaramin abu ba ne firist ya ƙi yabon da ya fito daga Roma. Da Paparoma ya yi wa masanan taurari jawabi a 1952, bai maimaita zancen ba.

Paparoma Yohanna na 23 ya ba shi shugabancin majalisar masanan kimiyya ta Paparoma a 1960. Ya rasu a Louvain ran 20 ga Yuni, 1966, ba da daɗewa ba bayan ya sami labarin cewa a Amurka an gano ragowar hasken farko, wanda ya yi sama da shekara biliyan 13 yana tafe.