Muhammadu Ali, Zakaran Da Ya Riƙa Faɗin Turmin Da Zai Yi Kisa

 

Masu karatu sun saba ganin tarihin malamai da mujaddadai a wannan fili. To, a wannan mako tarihin ɗan dambe za mu kawo, kada kuwa kowa ya yi mamaki. Dalili shi ne, a nan Dawanau da ƙauyukan da ke kewaye da mu, da zarar kaka ta yi, amfanin gona ya shigo kasuwa, kuɗi suka zauna a aljihu, sai hirar dambe ta tashi. A da damben gargajiya kaɗai aka sani, na 'ya'yan mahauta, a kaɗa kalangu a ja daga. Yanzu an ƙara da damben Turawa, wanda samari ke kallo a gidajen kallo da wayoyin hannu. Duk sa'ad da aka ce zakarun duniya biyu na ajin masu nauyi za su sake karawa, wato wanda aka ƙwace wa kambu zai nemi fansa, sai kowa ya zama masani: wannan ya rantse wane ne zai yi kisa, wancan ya ce a turmi kaza za a gama, wasu ma har su zuba kuɗi a kai. Babu wanda ya shahara da irin wannan cika baki kamar Muhammadu Ali, babu kuma wanda masu kintace suka sha kunya a kansa kamar shi.

An haife shi ran 17 ga Janairu, 1942, a birnin Louisville na jihar Kentucky a Amurka, iyayensa Kiristoci ne, suka raɗa masa suna Cassius Clay. Uban mai rubuta allunan talla ne da fenti, uwar kuwa tana aikatau a gidajen Turawa, a zamanin da ba a yarda baƙar fata ya ci abinci wuri ɗaya da farar fata ba a kudancin ƙasar. Yana da shekara 12 aka sace masa keke, ya kai ƙara wurin wani ɗan sanda mai suna Joe Martin yana ta alwashin zai lakaɗa wa ɓarawon duka. Ashe ɗan sandan yana koya wa yara dambe, sai ya ba shi shawara ya fara koyon naushi tukuna. Shekara shida bayan wannan, a 1960, yaron ya ciwo lambar zinariya a wasannin Olamfik na birnin Rum, ya dawo gida ya shiga damben kuɗi.

Daga nan ya tsiro da al'adar da ta sa duniya ta san shi. Kafin a shiga fage sai ya tara 'yan jarida ya faɗi turmin da zai kashe abokin karawarsa. A Nuwamba 1962 ya ce tsohon zakara Archie Moore ba zai wuce turmi na 4 ba, haka kuwa aka yi. A Yuni 1963 ya je Landan ya yanke wa Henry Cooper turmi na 5. Cooper ya kai shi ƙasa a ƙarshen na 4, amma ya tashi, a na 5 ɗin aka tsai da damben saboda jinin da ke zuba daga girar Baturen. Jahilai suka fara cewa asiri gare shi. Ba asiri ba ne. Dabara ce ya koya daga wani ɗan kokawa mai suna Gorgeous George, wanda ya nuna masa cewa mutane sun fi sayen tikiti don su ga an rufe bakin mai fariya. Ban da wannan, wanda aka yanke wa turmi yakan shiga fage da fargaba. Ba kullum yake dacewa ba kuma, don a Maris 1963 ya cika baki a kan Doug Jones, sai da suka cinye turmi 10 cif, ya sha da ƙyar a hannun alƙalai.

Mai riƙe da kambun duniya a lokacin shi ne Sonny Liston, ƙato mai ban tsoro wanda ya koyi dambe a gidan yari. Ya kashe Floyd Patterson a turmin farko a 1962, da suka sake karawa a 1963 ya maimaita masa a turmin farko. Saboda haka da aka haɗa shi da yaro ɗan shekara 22 a Miami ran 25 ga Fabrairu, 1964, cikin marubuta wasanni 46 da aka tambaya, 43 Liston suka ba, 'yan caca kuma suka sa bakwai a kan ɗaya. Shi yaron ya ce turmi na 8. Dukansu ba su dace ba. A ƙarshen turmi na 4 wani abu ya shiga idon Clay har ba ya gani sosai, ya nemi a kwance masa safar hannu, mai horar da shi Angelo Dundee ya tura shi fage. Da aka kaɗa ƙararrawar turmi na 7, Liston ya ƙi tashi daga kujera, ya ce kafaɗarsa ta samu rauni.

Kwanaki kaɗan bayan haka sabon zakaran ya yar da sunan Clay, wanda ya ɗauka sunan bauta ne, Elijah Muhammad ya raɗa masa Muhammadu Ali. A nan wajibi ne mu faɗi gaskiya. Ƙungiyar da ya shiga, wato Nation of Islam, sunanta kawai ke Musulunci a wancan zamani, domin tana koyar da cewa Allah Ya bayyana cikin siffar wani mutum, Elijah kuma manzo ne, Turawa kuwa shaiɗanu ne. Wannan ba aƙidar Musulmi ba ce. Abokinsa Malcolm X ya gane haka, ya fita, ya yi aikin Hajji a 1964. A wannan shekara Ali ya ziyarci Gana da Nijeriya da Masar, suka haɗu da Malcolm a Akara, Ali ya juya masa baya. An harbe Malcolm ran 21 ga Fabrairu, 1965, ba su shirya ba, Ali kuwa ya yi ta nadamar wannan har tsufansa.

Sai batun karo na biyu da Liston. Mutane da yawa sun ɗauka nasarar Miami katari ce kawai, don haka 'yan caca suka sake ba Liston. An tsai da ran 16 ga Nuwamba, 1964, a birnin Boston, Liston ya yi horo irin wanda bai yi ba a karon farko. Saura kwana uku ciwon ƙaba ya turnuƙe Ali, aka garzaya da shi asibiti aka yi masa aiki. Dubi ikon Allah! Duk masu lissafin tsawon hannu da nauyin naushi babu wanda ya sa wannan a lissafinsa. Aka ɗaga damben wata shida, hukumomin Boston suka janye, aka koma wani ɗan ƙaramin gari mai suna Lewiston a jihar Maine. Ga jita-jita ta cika gari cewa magoya bayan Malcolm za su harbe Ali a fage. Mutum 2,434 kacal suka shiga kallo ran 25 ga Mayu, 1965. Ba a cika minti biyu ba Ali ya kai wani gajeren naushi da dama, wanda da yawa daga 'yan kallo ba su ma gani ba, sai ga Liston a ƙasa. Ali ya tsaya a kansa yana yi masa tsawa ya tashi, alƙalin wasa Jersey Joe Walcott ya shagala da janye shi bai yi ƙidaya ba. Liston ya miƙe har an ci gaba, sa'an nan aka sanar da alƙali cewa goma ta riga ta cika, ya raba su. Har yau ana gardama ko naushin ne ya kayar da shi ko da gangan ya kwanta. Liston ya mutu bayan shekara biyar da 'yan watanni, gardamar ba ta mutu ba.

Neman a sake karawa daɗaɗɗen hali ne na wanda ya sha ƙasa. Masu sira sun kawo labarin Rukanatu ɗan Abdu Yazidu, ƙaƙƙarfan Ƙuraishawa, wanda Annabi (S.A.W.) ya kayar a kokawa, bai yarda ba ya nemi a sake, aka sake kayar da shi. Amma kokawa daban, dambe daban. Hadisi ingantacce ya hana dukan fuska, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa kuma ta zauna a Makka a 1987 ta yanke cewa damben da ake yi a fagagen zamani haramun ne, domin an gina shi a kan cutar da jiki. Kintace bisa alamu, kamar manomi ya dubi hadari ya ce za a yi ruwa, ba laifi ba ne. Laifi shi ne a yanke babu in Allah Ya so, alhali Suratul Kahfi ta hana haka, ko a tafi wurin boka, ko a zuba kuɗi, wanda shi ne cacar da Suratul Ma'ida ta haɗa da giya.

Mu koma ga Ali. Ran 28 ga Afrilu, 1967, ya ƙi shiga soja don yaƙin Biyetnam, ya kafa hujja da addininsa. Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000, ya ɗaukaka ƙara. Shekara uku da rabi na ganiyar ƙarfinsa suka tafi a haka, sai a Yuni 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. A Maris na wannan shekara ya kara da Joe Frazier a New York, ya yanke masa turmi na 6. Frazier ya wuce na 6, ya kai shi ƙasa a na 15, ya cinye. Wannan ne faɗuwarsa ta farko. A 1973 Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi. Dukansu biyu ya rama a karo na biyu.

A Kinshasa, ran 30 ga Oktoba, 1974, abin ya juya. George Foreman yana da shekara 25, ya yi dambe 40 ba a taɓa cinye shi ba, ya gama da Frazier da Norton kowanne a turmi na 2. Har masoyan Ali suna jin tsoron kada a illata shi. Sai ya jingina da igiya ya bar Foreman ya yi ta duka har ya gaji, a turmi na 8 ya kashe shi. Bayan wata huɗu Elijah Muhammad ya mutu, ɗansa Warith Deen ya ja jama'ar zuwa ga Musuluncin Alƙur'ani da Sunna, Ali ya bi shi, ya zauna a kan haka har ƙarshen ransa. A ganina wannan ita ce babbar nasararsa, ko da yake ba ita ake nunawa a gidajen kallo ba.

A Fabrairu 1978 Leon Spinks, wanda damben kuɗi 7 kawai ya taɓa yi, ya ƙwace kambun, abin da kusan babu wanda ya zata. Ali yana da shekara 36, ya koma ya yi horo mai tsanani, suka sake haɗuwa a New Orleans ran 15 ga Satumba a gaban mutum fiye da 63,000. Bai yi kisa ba, ya dai bi a hankali har turmi 15, alƙalai duka suka ba shi. Ya zama na farko da ya ɗauki kambun masu nauyi sau uku. Da ma a nan ya tsaya. Likitansa Ferdie Pacheco ya riga ya bar shi tun 1977 saboda ya ƙi jin shawarar ya daina. A Oktoba 1980 ya fito wa Larry Holmes yana ta alwashin kambu na huɗu, ya sha duka turmi 10 har Dundee ya tsai da damben. Ya sake faɗuwa a hannun Trevor Berbick a Disamba 1981, ya ajiye safar hannu da dambe 61, ya ci 56, an cinye shi 5.

A 1984 likitoci suka tabbatar yana da cutar Parkinson, mai sa makyarkyata da nauyin harshe, da yawa kuma suna danganta ta da dukan da ya sha a ka. Mutumin da bakinsa ya fi hannunsa sauri ya koma magana da ƙyar. Bai ɓuya ba. Ya riƙa raba ƙasidun Musulunci da sa hannunsa a jiki don mutane su karɓa su adana. A 1990 ya je Bagadaza ya dawo da Amurkawa 15 da ake tsare da su. A 1996 ya kunna wutar Olamfik a Atlanta hannunsa na rawa, duniya na kallo. Da za a sa sunansa cikin na taurari a Hollywood a 2002, inda ake rubuta sunaye a daɓen hanya, ya ƙi yarda a taka sunan Annabi da ƙafa, sai aka kafa nasa a jikin bango.

Ya yi shekara 32 da wannan ciwo. Tun da sauran kwanansa ya tsara yadda yake so a yi jana'izarsa bisa Sunna. Ya rasu ran 3 ga Yuni, 2016, a jihar Arizona, yana da shekara 74. Aka kai shi Louisville, dubban mutane suka yi masa salla ran 9 ga wata a zauren Freedom Hall, Imam Zaid Shakir ya ja sallar, kashegari aka rufe shi a maƙabartar Cave Hill. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.