Marigayi Teslim Balogun, Mai Ƙafar Aradu

A Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, in masu sha'awar ƙwallo suka zauna hira ba a rasa gardama a kan ƙungiyoyin da. Wani ya kawo zancen Wikki Tourists ta Bauchi, wadda ta ɗauko kofin ƙasa a 1998 bayan ta ka da Plateau United a bugun fenareti. Wani ya ce ai ba kamar Mighty Jets ta Jos, wani kuma ya tsaya a kan Raccah Rovers ta Kano. Amma na lura duk inda gardamar ta zagaya, sai ta zo kan suna guda, watau Tanda Balogun. Masu ambatonsa ba su gan shi da ido ba, labari suka gada daga iyayensu da suka yi cin rani a Jos wajen haƙar kuza. Saboda haka na ga ya kyautu in tsara muku tarihinsa, gama mu da ake koya wa aikin malanta muna da abin ɗauka a ciki.

Sunansa na yanka Teslim, Bayarabe ne haifaffen Ikko, amma a Fatakwal ya yi makaranta. Laƙabin nan Thunder, wanda bakinmu ya mayar Tanda, ma'anarsa aradu, an kuwa sa masa shi ne don tsananin ƙarfin bugunsa. Ya tashi daidai lokacin da ƙwallo ke kafuwa a Nijeriya. A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna, wanda Gwamna Richards ya bayar, ƙungiyoyin ma'aikatu kuwa su ne ke tashe, kamar na Jirgin Ƙasa da na Jiragen Ruwa da na kamfanin UAC. Duk ya yi musu wasa.

A 1949 aka zaɓi 'yan wasa 18 su tafi Ingila da sunan Nijeriya, yana cikinsu, Etim Henshaw ne shugabansu. A jirgin ruwa suka tafi. Abin da ya ba Turawa mamaki shi ne galibinsu ba takalmi suke wasa, sai dai su naɗe ƙafa da tsumma. Da ƙafar nan ta Allah suka ci Marine Crosby 5 da 2 a karon farko. Wasa tara suka yi, suka ci biyu, aka yi kunnen doki a biyu, aka cinye su a biyar, don in ruwa ya jiƙa fili mai takalmi ya fi su tsayuwa. Kan hanyarsu ta komowa suka yada zango a Saliyo, suka ci mutanen can 2 ba ko ɗaya. Wannan shi ne karon farko da Nijeriya ta kara da wata ƙasa.

Abin da ya sa sunansa ya shiga bakin mutanen Arewa shi ne zamansa a Jos. A 1951 ƙungiyar Jos ta kai wasan ƙarshe na kofi, 'yan Jirgin Ƙasa na Ikko suka sha da ƙyar, 3 da 2. Da shekara ta kewayo, 1952, ya koma Ikko wajen ƙungiyar Pan Bank, suka lallasa Warri 6 da 1, shi kaɗai ya jefa uku. Kafinsa ba wanda ya taɓa yin haka a wasan ƙarshe. Sau bakwai ya kai wannan matsayi, sau biyar yana ɗaukar kofi. Har zuwa lokacin kofin bai taɓa barin Ikko ba, sai a 1953 da Kano ta fizge shi, ta ci Dynamos 2 da 1.

Kowa ya ji labarin nan cewa wai ya taɓa narka wa mai tsaron gida ƙwallo har ta huda masa ciki. Wannan dai ƙarin gishiri ne na masoya. Abin da ya yi na gaskiya ya fi tatsuniyar nauyi. A 1955 ya sake komawa Ingila, ya shiga Peterborough, daga baya ya koma Queens Park Rangers ta Landan, inda ya yi wasa 13 ya ci ƙwallo 3 tsakanin 1956 da 1957. Bai tsaya a wasa kaɗai ba. Mutumin da dubban jama'a ke yi wa kirari a gida ya sauke kai ya zama ɗalibi, ya nemi ilmin koyar da ƙwallo har ya sami takardar shaida, aka kuwa lasafta shi ɗan Afirka na farko da ya same ta. Da ya komo sai ya zauna Badun yana horad da samarin Jihar Yamma. A 1968 yana cikin malaman da suka kai 'yan wasanmu wasannin Olimfik a Meziko, inda suka yi 3 da 3 da Birazil. Ya rasu ran 30 ga Yuli, 1972, yana cikin barci. Babban filin wasa na Surulere a Ikko, wanda aka buɗe a 2007, sunansa aka sa masa.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ƙarfin ƙafa shekara kaɗan yake yi ya tafi, abin da aka koya wa wani shi ke wanzuwa. Nan gaba kaɗan za a rarraba mu makarantun Gamawa da Shira da Itas da Zaki. Can za mu tarad da yara suna bin ƙwallon tsumma ba takalmi, yadda mutanen 1949 suka fara. Kada mu ɗauki darasin wasa lokacin hutun malami a gindin bishiya. In Tanda da duk sunansa bai ji girman koyo da koyarwa ba, mu ba mu da hujjar raina su. Allah ya ji ƙansa, amin.