Alhaji Abubakar Imam da Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo

An haifi Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sannan ya koyar a Midil ta Katsina. Littafinsa Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar 1933, shi ya jawo hankalin Dokta Rupert East gare shi.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam kuwa shi ne editanta na Hausa. Ba a yi shekara ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Zariya gari ne mai barikin horar da kuratan soja, kuma samarin Arewa da dama an kai su fagen daga har Bama. Jita-jita ta yi yawa, iyaye na neman labarin 'ya'yansu. Gwamnati na son jaridar ta zama kakakinta, Imam kuma ya buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, har da koke-kokensu. Riƙe waɗannan biyu tare ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne harshen. Jiragen yaƙi da ƙasashen da Bahaushe bai taɓa ji ba, duk sai da aka bayyana su da Hausar da za a karanta wa jama'a a zaure su gane. A ganina, a nan daidaitacciyar Hausa ta zauna da gindinta.

Imam ya ziyarci Ingila a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Ya rasu a Zariya a 1981.