Boubou Hama: Shugaban majalisar da ya haɗa jiya da gobe a littafi guda

Duk wanda ya tashi a Yamai da wuya a ce bai taɓa zuwa gidan tarihi na ƙasa ba, musamman a ranakun sallah da yara ke tururuwa kallon zaki da dorina da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da. Sunan da gidan ke ɗauke da shi, Boubou Hama, kowa ya san shi. Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, irin labaran da suke kwana kallo a waya, na mutum mai kama biyu, da tafiya cikin lokaci, da gajerun mutanen ɓoye, da dodon ruwa mai neman budurwa, wannan dattijo ya rubuta su fiye da shekara 50 da suka wuce. Kuma ba daga Turai ya aro su ba, a ƙauyensu ya same su.

An haifi Boubou Hama a 1906 a Foneko, wani ƙaramin ƙauyen Songhai kusa da Tera, a yammacin Nijar. Zamani ne da Faransawa ke karɓar yara daga ƙauyuka zuwa makarantar boko ko iyaye suna so ko ba sa so, kuma shi ma haka ya shiga. Ya yi karatu a Tera da Dori da Wagadugu, daga nan ya wuce makarantar William Ponty da ke tsibirin Gore a Senegal, inda ake horar da malamai da ma'aikatan mulkin mallaka. Ya dawo gida a 1929, ana lissafa shi a matsayin ɗan Nijar na farko da ya zama cikakken malamin makarantar boko.

Yankin da ya fito ba wurin wasa ba ne a fagen labaran ɓoye. A can ne garin Wanzarbe yake, mazaunin Sohance, waɗanda ake dangantawa da zuriyar Sonni Ali, ake kuma cewa suna tashi sama cikin dare. A can ake ba da labarin Atakurma, gajerun mutanen da aka ce su ne masu ƙasa tun kafin zuwan ɗan Adam. A al'adar Songhai kowane mutum yana da na biyunsa, wata inuwa da ke iya fita daga jiki idan yana barci, wadda maye ke iya kamawa. Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba, domin kusan abin da yake kira kurwa ke nan. Makarantar Faransawa ta koya wa yaron cewa duk wannan camfi ne. Shi kuwa ya ƙi zubar da ko ɗaya, ya riƙe lissafin Bature a hannu guda, hirar kakanni a ɗaya hannun, kuma yawancin abin da ya rubuta daga baya ƙoƙari ne na sasanta su.

Siyasa ce ta fara fito da shi. Yana cikin jigogin jam'iyyar PPN da aka kafa a 1946, wadda ta zama reshen RDA a Nijar, tare da Diori Hamani. A shekarun 1950 ya jagoranci cibiyar bincike ta IFAN a Yamai, kuma da hannunsa a kafa gidan tarihin a 1959. Daga 1958 har zuwa 1974 shi ne shugaban majalisar dokoki, wato ɗaya daga cikin mutane biyu ko uku mafi ƙarfi a ƙasar. Yana kan wannan kujera ya riƙa tara tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda suka zama harsashin taskar da ke cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a yau. Ya rubuta tarihin Songhai, da na Gobir da Sakkwato, da na Buzaye. Littafinsa Kotia-Nima ya ci babbar kyautar adabi ta baƙar fatar Afirka.

Amma inda ya fi sakin jiki shi ne a labaran al'ajabi. A 1973 ya fitar da Le Double d'hier rencontre demain, ma'ana inuwar jiya ta gamu da gobe. Sunan kansa wasa ne da harshe. A Zabarmanci da Songhai kalmar bi tana nufin jiya, tana kuma nufin baƙi, kuma tana kusa da kalmar inuwa. Suba kuwa gobe ke nan. Da kalma guda ya ɗaure baƙar fata da tarihinsa da kurwarsa, sannan ya tura su su yi ido biyu da abin da ke tafe. Marubutan Turai idan za su kai mutum wani zamani sai sun ƙera masa na'ura, kamar yadda H. G. Wells ya yi a 1895. Boubou Hama bai bukaci injin ba. Tun da mutum yana da na biyun da ba ya jin nauyin jiki, to hanyar shiga duniyar ɓoye a buɗe take, abin da ake bukata kawai jagora ne da ya san ta.

Wannan salo na matashi da tsohon jagora shi ne wanda masu kallo suka sani a Gandalf da Frodo, ko a Yoda da Luke. Bambancin shi ne manufa. Boubou Hama yana da wata hujja da ya yi ta maimaitawa a littattafansa: Turai ta ƙware a sarrafa ƙarfe da wuta amma ta bar ruhi a baya, Afirka kuwa ta san mutum amma an bar ta a baya wajen ƙere-ƙere, don haka kowanne yana bukatar ɗan'uwansa. Ana iya yi masa gardama, domin raba duniya gida biyu haka ya yi sauƙi da yawa, kuma wani lokaci wa'azin yakan danne labarin har mai karatu ya gaji. Sai dai wanda ya kalli Black Panther a 2018, ya ga ƙasar da ke da jiragen sama na zamani amma sarkinta sai ya gana da kakanni kafin ya hau mulki, zai gane cewa tambayar ba sabuwa ba ce. A ɓangaren Hausa ma an taɓa ta a kusan lokaci guda, a Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda aka ɗauki yaro zuwa sararin samaniya.

Bai manta da yara ba. Tare da marubuciya Bafaranshiya Andrée Clair ya fitar da littattafai irin su L'Aventure d'Albarka, labarin yaron ƙauye da aka kai boko, wanda ya yi kama da nasa. Ya kuma tara tatsuniyoyi da almarar Nijar cikin jerin kundaye da kamfanin Présence Africaine ya buga a Paris.

Daga cikin irin waɗannan labarai akwai na Toula. Fari ya addabi ƙasa, boka ya ce aljanin ruwa ba zai saki ruwa ba sai an ba shi budurwa, sarki kuma ya amince a miƙa ta gidansa. Bahaushe zai tuna macijin rijiyar Kusugu a Daura, Soninke za su tuna Bida na Wagadu, kuma ko'ina a duniya akwai irinsa. Amma a yawancin wurare jarumi yakan iso a kan kari ya sare kan dodon. A Toula ba haka ba ne, an yi hadayar, ruwa ya zo, yarinya ta tafi. Moustapha Alassane, tare da Anna Soehring, ya mayar da labarin fim a 1973, daidai lokacin da fari na gaske ke kashe dabbobi da mutane a Sahel.

A nan ne labarin ya juyo kan mai shi. Gwamnatin da Boubou Hama ke cikin ginshiƙanta ta jam'iyya ɗaya ce. An haramta Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, kuma bayan yunƙurin tawayen 1964 an murƙushe magoya bayanta da ƙarfi, har da harbe wasu a bainar jama'a. Mutumin da ke rubuta hikimar kakanni da dare, da rana yana cikin masu riƙe da wannan mulki, kuma har yau akwai gidajen da ba su manta ba. Da yunwa ta yi tsanani, aka yi ta zargin manyan gwamnati da karkatar da kayan agaji. A ranar 15 ga Afrilun 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori. Aka kama Boubou Hama yana dab da shekara 70, aka tsare shi a Agadez.

Bayan an sake shi bai koma siyasa ba, ya ci gaba da rubutu a gida. Ya rasu a Yamai a watan Janairun 1982. Littafinsa Izé-Gani sai a 1985 ya fito, bayan ba ya duniya.

Duk waɗannan littattafai da Faransanci ya rubuta su, yawancinsu kuma a Paris aka buga su, saboda haka mutanen Foneko da suka ba shi labaran ba su ne suka karanta ba. Da dama sun daɗe da ƙarewa a kasuwa. Ɗalibin Yamai ko ɗan ci-rani a Lyon da ke son ganin yadda jiya ta gamu da gobe, sai dai ya nufi ɗakin karatu ko masu sayar da tsofaffin littattafai.