Alexander Graham Bell, Malamin Kurame da Ya Ƙago Tarho

Idan ka shiga babban ofis a yau, za ka ga tarho a kan teburin kowane ma'aikaci. Lamba ɗaya ake bugawa daga waje, sai na'ura ta kai kiran ɗakin da ake nema. In ba a sami mutum ba, a bar masa saƙon murya. Wasu ofisoshin ma ta intanet suke kira. Tushen wannan duka yana wurin wani malamin makaranta mai suna Alexander Graham Bell.

An haifi Bell ranar 3 ga Maris, 1847, a birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan. Mahaifinsa da kakansa malaman furuci ne, wato masu koyar da yadda ake sarrafa harshe da leɓɓa don a fitar da sauti daidai. Mahaifiyarsa kuwa ta fara kurumcewa tun yana yaro. Yakan kai bakinsa kusa da goshinta, ya yi magana da murya mai kauri don ta ji motsin sautin.

Tarin fuka ya kashe 'yan'uwansa maza biyu. Iyayensa suka ji tsoron kada su rasa shi, sai suka ƙaura zuwa Kanada a 1870. Bayan shekara guda ya tafi Boston a Amurka, ya kama koyar da kurame. Da rana yana aji, da dare yana gwaje-gwaje.

A zamanin nan akwai tangaraho, amma ba ya ɗaukar murya, sai alamomi da ake ƙwanƙwasawa. Bell ya san cewa sauti motsi ne na iska. Ya yi tunanin cewa idan murya ta girgiza wani siririn faifai, faifan zai iya canza ƙarfin lantarkin da ke bin waya, sannan wani faifan a can ƙarshe ya mayar da shi murya. Sai dai shi ba gwanin aikin hannu ba ne, kuma ba shi da kuɗi. Wani saurayi, Thomas Watson, shi ya riƙa haɗa masa na'urorin. Iyayen ɗalibansa biyu suka ba da jari.

Ranar 14 ga Fabrairu, 1876, lauyansa ya shigar da takardar neman mallakar wannan fasaha. A wannan ranar kuma wani masani, Elisha Gray, ya kai tasa takardar a kan irin wannan na'ura. Bell aka ba wa takardar mallaka ranar 7 ga Maris. Bayan kwana uku ya kira Watson ta waya daga wani ɗaki, Watson ya ji shi sarai. Ɗaruruwan ƙararraki suka biyo baya, kuma a 1888 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar masa da haƙƙinsa. Duk da haka, adalci shi ne a ce ba shi kaɗai yake kan wannan hanya ba.

A 1877 ya auri Mabel Hubbard, tsohuwar ɗalibarsa wadda ta kurumce tun tana ƙarama. A shekarar aka kafa kamfanin tarho mai sunansa. A 1878 aka buɗe cibiyar haɗa kira a garin New Haven da mutum 21. Ita ce kakar na'urar da ke rarraba kira a ofisoshi.

Kasuwanci bai dame shi ba. Da Faransa ta ba shi kyautar Volta a 1880, sai ya kafa ɗakin bincike da kuɗin. A nan shi da abokan aikinsa suka inganta na'urar ɗaukar murya ta Thomas Edison, har ofisoshi suka riƙa amfani da ita. A 1880 ɗin kuma ya aika murya a kan hasken rana, nisan fiye da mita 200. Mutane ba su ga amfanin wannan ba a lokacin. Yau kuwa haske ne yake ɗaukar kiran intanet a cikin zaren gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku.

Yana da nasa kuskuren. Ya dage cewa a koya wa kurame magana da baki da karanta leɓɓa maimakon yaren hannu, kuma har yanzu kurame da yawa suna ganin wannan ya cuce su.

Bell ya ƙi ajiye tarho a ɗakin karatunsa, domin yana hana shi tunani. Ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1922, a gidansa da ke Nova Scotia a Kanada, yana da shekara 75. Ranar da aka binne shi, an dakatar da layukan tarho a Amurka da Kanada na minti ɗaya.