Wiliyam Wilbafos: Mai Ibada a Majalisa

Cikin mutanen da muka karanta a darasin tarihi, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar Wiliyam Wilbafos, Baturen Ingila. An haife shi a garin Hull a 1759, a gidan attajirai. Yana da shekara 21 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokoki, kuma a lokacin caca da shagali ya sa gaba.

A 1785 ya tuba, ya riƙe addininsa na Kirista da gaske. Har ya yi niyyar barin siyasa, don yana ganin ba ta jituwa da tsoron Allah. Sai wani fasto, Jon Niyuton, wanda a da shi ne kyaftin na jirgin dakon bayi, ya ba shi shawara ya zauna a majalisa, ya bauta wa Allah a can.

Daga 1787 ya ɗaura ɗamarar yaƙi da cinikin bayi. Masu jiragen ruwa da masu gonakin rake suka yi masa ca. A 1791 aka kayar da ƙudurinsa da ƙuri'a 163, shi yana da 88. Bai karaya ba, ya yi ta maimaita maganar, ga kuma rashin lafiya. A 1807 majalisa ta haramta cinikin da ƙuri'a 283, mutum 16 kaɗai suka ƙi. Albarkacin wannan doka, a 1822 jiragen yaƙin Ingila suka ceto wani yaro Bayarabe, Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop.

Amma fa, jama'a, bai tsira daga zargi ba. A 1799 ya goyi bayan dokar da ta hana ma'aikatan Ingila kafa ƙungiya. Masu suka suka ce yana tausayin bawan da ke nesa, ya manta da talakan ƙofar gidansa.

Ya rasu ran 29 ga Yuli, 1833, kwana uku bayan ya ji cewa dokar 'yanta bayi za ta tabbata.

Ni dai a ganina, zargin nan yana da tushe, amma bai shafe alherinsa ba. Duk wanda ya shiga siyasa da sunan Allah, mutane za su auna shi da abin da ya yi wa marasa ƙarfi, na nesa da na kusa.