Edgar Allan Poe: Maraici da Ƙagaggun Labaran Firgici

Gabatarwa

Manazarta adabi sun daɗe da lura cewa rayuwar marubuci takan yi naso a cikin ayyukansa. A wannan maƙala za a dubi rayuwar Edgar Allan Poe, marubucin Amurka wanda ya shahara da ƙagaggun labaran firgici, domin a ga yadda rashe-rashen da aka yi masa suka zama jigon rubutunsa.

Rayuwarsa

An haifi Poe a birnin Boston ranar 19 ga Janairu, 1809. Iyayensa 'yan wasan kwaikwayo ne. Uban ya gudu ya bar iyali, uwar kuma ta rasu da tarin fuka a 1811, yaron bai cika shekara uku ba. Wani attajirin taba na birnin Richmond, John Allan, shi ya riƙe shi, amma bai taɓa mai da shi ɗansa a hukumance ba.

A 1826 ya shiga Jami'ar Virginia. Kuɗin da ake aiko masa ba su isa ba, sai ya faɗa caca, bashi ya yi masa katutu, ya bar karatu kafin shekara ta zagayo. A 1829 Frances, matar Allan, wadda ta zame masa uwa, ta rasu. A 1831 aka kore shi daga makarantar hafsoshin soja ta West Point. Da Allan ya mutu a 1834, bai bar masa ko anini ba.

Poe ya sami mafaka wurin goggonsa Maria Clemm, ya kuma auri 'yarta Virginia a 1836. Aikin mujallu ne abincinsa, ga ƙarancin albashi, ga giya tana ɓata shi da iyayen gidansa. A Janairun 1842 Virginia tana cikin rera waƙa sai jini ya ɓalle mata ta baki. Ciwon da ya ɗauke uwarsa ne ya dawo. Shekara biyar tana jinya, ta cika a 1847 tana da shekara 24. Shi kuwa an tsince shi a birnin Baltimore ba ya cikin hayyacinsa, ya rasu ranar 7 ga Oktoba, 1849, yana da shekara 40.

Nason Rayuwarsa a Labaransa

Jigon da ya fi yawan komawa gare shi shi ne macen da ta mutu amma ta ƙi rabuwa da masu rai. A "Ligeia" (1838) matacciya ta dawo cikin gawar wadda ta maye gurbinta. A "The Fall of the House of Usher" (1839) an binne mace da ranta, ta fito daga makwancinta. Abin lura shi ne, duka biyun sun riga ciwon Virginia, saboda haka tushensu maraicin ƙuruciya ne. Bayan ciwon da 'yan watanni ya fitar da "The Masque of the Red Death", labarin yariman da ya kulle kansa da fadawansa don gudun annobar jini, amma ta cim musu har ciki.

A tatsuniyoyin Hausa dodo yakan fito ne daga daji ko rafi. Poe kuwa ya sa dodon a cikin ƙirjin mutum. A "The Tell-Tale Heart" (1843) wani ya kashe tsoho ya ɓoye gawar ƙarƙashin daɓen katako, sai ya riƙa jin kamar bugun zuciyar mamacin, har ya tona wa kansa asiri gaban 'yan sanda. Wanda ya karanta Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin a can ma mugun nufi maigidansa yake fara ci.

Kammalawa

Bayan rasuwarsa, abokin gabarsa Rufus Griswold ya rubuta tarihinsa, ya nuna shi a matsayin ɗan giya mai taɓin hankali, mutane da yawa kuma suka gaskata. Amma mahaukatan da ke ba da labaransa taurari ne da ya ƙaga, ba shi ba ne. Wanda ya aza harsashin labaran binciken laifi da "The Murders in the Rue Morgue" (1841) mutum ne mai lissafi da tsari. Baƙin ciki ya ba shi jigo, amma ƙwarewa ce ta mai da shi adabi.